Youn Yuh-jung: Tarihin Sana'ar Wata 'Yar Wasan Kwaikwayo ta Koriya ta Kudu

1.0 Gabatarwa

A ranar 25 ga Afrilu, 2021, aka ba Youn Yuh-jung lambar yabo ta Oscar a birnin Los Angeles, a rukunin 'yar wasa mai taimaka wa jagoran labari, saboda rawar da ta taka a fim ɗin Minari. Tana da shekara 73 a lokacin, kuma ita ce ɗan wasa na farko daga Koriya, mace ko namiji, da ya sami wannan lamba. Kafin ta, mace guda ce kawai daga nahiyar Asiya ta taɓa samun Oscar ta wasa, watau Miyoshi Umeki 'yar asalin Japan, a 1958.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun sana'ar wannan mata tun daga 1966, domin a nuna yadda rayuwar 'yar wasa guda take ɗauke da tarihin silima da talabijin na ƙasarta, da kuma matsayin mace a cikinsu. Za a riƙa kiranta 'yar wasa maimakon jaruma, domin kalmar jaruma, kamar yadda ake amfani da ita a harkar fim ta Hausa, takan karkata ga budurwa mai jan ragamar labari, alhali mafi yawan aikin Youn ba a wannan gurbi ta yi shi ba. Har wa yau, ya kamata mai karatu ya lura cewa Koriyawa sunan zuri'a suke gabatarwa, saboda haka Youn shi ne sunan gidansu, Yuh-jung kuwa sunanta na yanka.

2.0 Asali da Shiga Sana'a

An haifi Youn a 1947 a garin Kaesong, wanda bayan Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ya faɗa ɓangaren Koriya ta Arewa. A birnin Seoul ta tashi. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, mahaifiyarta ce ta ɗauki nauyinta da 'yan'uwanta. Ta shiga Jami'ar Hanyang domin karanta harshe da adabin Koriya, amma ba ta kammala ba, sabili da a 1966 ta ci jarrabawar ɗaukar 'yan wasa ta gidan talabijin na TBC.

A nan akwai buƙatar a bayyana wannan tsari. Talabijin sabon abu ne a Koriya a lokacin: tashar gwamnati ta KBS ta fara a 1961, TBC a 1964, MBC kuma a 1969. Kowace tasha takan shirya jarrabawa ta ɗebi matasa, ta horar da su, su zama 'yan wasanta na dindindin, tamkar ma'aikata. Ke nan Youn ba daga dandamali ta fito ba, kuma ba ta yi makarantar koyon wasa ba. A bakin aiki ta koya.

3.0 Shekarar 1971: Shahara ta Farko

Abubuwa biyu suka fito da sunanta a shekara guda. Na farko shi ne fim ɗin Hwanyeo, watau "Macen Wuta", na darakta Kim Ki-young. Wannan fim maimaici ne na wani da Kim ya yi a 1960 mai suna Hanyeo, watau "'Yar Aiki", wanda masana ke sanyawa cikin manyan finafinan Koriya. Youn ta fito a matsayin Myeong-ja, yarinyar ƙauye da ta zo Seoul ta kama aikatau a gidan wani mai tsara kiɗa, wanda matarsa ke kiwon kaji. Ta sami ciki da maigidan, aka tilasta mata zubarwa, daga nan ta juya wa gidan da ramuwa har ya rushe.

Labarin ya dace da zamaninsa. A ƙarƙashin mulkin Park Chung-hee, daga 1961 zuwa 1979, masana'antu sun bunƙasa da sauri, 'yammatan karkara suka yi ta kwarara birni neman aiki a masaƙu da gidajen masu hali. Hukuma tana tace finafinai da tsanani, ba ta yarda a soki tsarin zama kai tsaye. Kim sai ya shigo da sukar cikin gida: matattakalar bene ta zama alamar tazarar da ke tsakanin mai shi da maras shi. Youn ta ci lambar 'yar wasa mafi ƙwarewa ta Blue Dragon a gida, da irinta a bikin finafinai na Sitges a ƙasar Sifen. A 1972 ta sake aiki da Kim a Chungnyeo, "Macen Ƙwaro".

Abu na biyu shi ne wasan talabijin na MBC mai suna Jang Hui-bin, kan ƙwarƙwarar Sarki Sukjong na daular Joseon, wadda ta hau har matsayin sarauniya, aka sauke ta, daga baya aka yanke mata hukuncin kisa a 1701. A tunanin jama'ar Koriya ita ce misalin makirar mace. Youn ta sha ba da labarin yadda mutane suka riƙa zaginta a kan titi, domin masu kallo na lokacin ba su gama rabe ɗan wasa da halin da ya kwaikwaya ba. Abin lura shi ne, duka ayyukan biyu mace suka nuna wadda ta ƙi zama inda aka ajiye ta, a zamanin da silimar Koriya ta fi son mace mai haƙuri da hawaye.

4.0 Aure, Hijira da Komowa

Tana kan ganiyar shahara ta auri mawaƙi Jo Young-nam a 1974, suka koma Amurka, ta zauna a jihar Florida tana renon 'ya'yanta maza biyu. Ta bar wasa wajen shekara goma. Ta komo Koriya a 1984, auren kuma ya mutu a 1987.

Wannan shi ne lokaci mafi tsanani a sana'arta. Koriya ta wancan zamani tana ƙyamar bazawara, musamman wadda ke fitowa a akwatin talabijin na kowane gida. Doka ma ba ta tare da ita: sai da gyaran dokar iyali ya fara aiki a 1991 macen da aurenta ya mutu ta sami haƙƙin neman rabon dukiya, tsarin shugabancin gida ta wajen namiji kuwa, wanda ake kira hoju, bai gushe ba sai a 2008. Bugu da ƙari, tashar da ta rene ta ma babu ita, domin gwamnatin soja ta Chun Doo-hwan ta haɗe TBC da KBS a 1980. Muryarta mai kaushi, wadda daga baya ta zama tambarinta, a lokacin aibi ake ɗaukar ta.

Youn ta karɓi ƙananan gurabe, duk wanda ya samu, domin ciyar da 'ya'yanta. Ita da kanta takan siffanta kanta da 'yar wasan neman abinci, ba ta neman suna ba. Wadda ta riƙe hannunta a wannan hali ita ce marubuciya Kim Soo-hyun, wadda ta shahara da rubuta zance mai tsawo da sauri, mai wuyar hadda. Youn ta fito a fim ɗin Eomi, "Uwa", na 1985, wanda Kim ta rubuta, sa'an nan a wasanninta na talabijin, kamar Sarang-gwa Yamang, "So da Buri", na 1987, da Sarang-i Mwogillae, "Wai Mene ne So?", na 1991 zuwa 1992. Wannan na ƙarshe ya kai ga jan fiye da kashi 60 cikin 100 na masu kallo, kuma nuna shi da aka yi a talabijin ɗin ƙasar Sin a 1997 yana cikin abubuwan da ake ƙirgawa a matsayin mafarin hallyu, watau bazuwar nishaɗin Koriya a duniya. A cikin waɗannan shekaru ne ta ƙware a salon da aka san ta da shi: magana a miƙe, ba tare da ƙawa ba, da barkwanci busasshe.

5.0 Komawa Silima

A 1996 Kotun Tsarin Mulki ta Koriya ta yanke cewa tace fim kafin a nuna shi ya saɓa wa tsarin mulki. Wannan, tare da shigowar sabon jari, ya buɗe ƙofa ga sababbin daraktoci. Ɗaya daga cikinsu, Im Sang-soo, ya sanya Youn a Baramnan Gajok na 2003, inda ta fito a matsayin surukar da ta gaji da auren da ya daɗe da mutuwa a zuci, ta nemi farin cikinta bayan tsufa. A 2010 Im ya sake yin Hanyeo, Youn kuma ta fito a matsayin tsohuwar shugabar barorin gidan, wadda ta san sirrin masu gida, ta raina su, amma take ci daga hannunsu. Ga wanda ya san fim ɗin 1971, wannan gurbi yana da nauyi biyu: yarinyar aikatau ta wancan lokaci ce ta tsufa, tana kallon wata yarinya na faɗawa ramin da ta sani.

A 2016 ta ja ragamar Jugyeojuneun Yeoja na darakta E J-yong, kan wata tsohuwa da talauci ya sa take sayar da mutuncinta ga tsofaffi a lambunan Seoul. Fim ɗin ya taɓo wani miki na ƙasar, watau talaucin tsofaffi, wanda ya shafi wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka wuce shekara 65. Youn ta bayyana cewa tun da ta cika shekara 60, 'ya'ya sun kama gabansu, ta yanke shawarar yin aiki da wanda ranta ya kwanta da shi kawai. Daɗin daɗawa, shirye-shiryen tashar tvN, musamman wanda aka fara a 2017 inda ta riƙe ɗan gidan abinci a wani tsibiri na Indunusiya, sun kusanta ta da matasa.

6.0 Minari da Batun Harshe

Minari, wanda Lee Isaac Chung ya shirya, an fara nuna shi a bikin Sundance a 2020, inda ya ci babbar lambar alƙalai da ta 'yan kallo. Labarin wani iyali ne na Koriyawa da suka koma jihar Arkansas a shekarun 1980 domin noma. Youn ce Soon-ja, kakar da ta zo daga Koriya ɗauke da garin barkono da busasshen kifi da irin minari, wani ganye da ke tsirowa a bakin ruwa. Ba ta iya dafe-dafen da jikanta ke zaton kowace kaka ta iya ba. Karta take koya masa, tana zage-zage. Jikan ya ƙi ta, ya yi mata ƙeta, ita kuwa ta mai da abin raha. Bahaushe ba zai rasa gane wannan ba, domin ya san wasan jika da kaka. Bambancin shi ne yaron, da yake haihuwar Amurka ne, bai san cewa wasa ake ba.

Ga mai nazarin harshe, a nan darajar aikin take. Koriyanci yana da matakan girmamawa a ƙarshen aikatau: akwai jondaenmal na ladabi, akwai banmal na sabo ko na babba ga ƙarami. Kakar tana magana da banmal, tana tsarma kalmomin Ingilishi a karye. Yaran kuwa suna juyawa tsakanin harsunan biyu. Fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto ba ta iya ɗaukar wannan duka, saboda haka sai murya da fuska su cike giɓin. Bayan Soon-ja ta sami shanyewar ɓarin jiki, maganar ma ta ƙwace mata, wasan ya koma na ido da tafiya. Har wa yau, fim ɗin ya tayar da muhawara lokacin da masu lambar Golden Globe suka sanya shi a rukunin finafinan harshen waje, bisa ƙa'idarsu ta yawan Ingilishi a cikin zance, alhali a Amurka aka yi shi, kuma daraktansa haifaffen can ne. Tambayar ita ce: harshe ne ke ba aikin fasaha ƙasa, ko kuwa mutanen da suka yi shi?

A jawabinta na karɓar Oscar, Youn ta ambaci Kim Ki-young, wanda ya rasu tun 1998, a matsayin daraktanta na farko. A 2022 ta fito a Pachinko na Apple TV+, wanda aka ɗauko daga littafin Min Jin Lee, a matsayin Sunja bayan ta tsufa, 'yar Koriya da ta ƙare rayuwarta a Japan. A can ma harshe ne ginshiƙi, har aka bambanta launin fassarar Koriyanci da ta Japananci.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa sana'ar Youn ta ratsa zamani uku: na tashoshi masu riƙe 'yan wasansu da hukuma mai tace fim, na wasannin iyali da suka mamaye talabijin, da na silimar da ta fita kasuwar duniya. A kowanne, guraben da ta samu sun bi abin da al'umma ta yarda a faɗa game da mace a lokacin: 'yar aiki, uwa, suruka, kaka. Gudummawarta ita ce ta ba waɗannan gurabe, waɗanda aka saba mayarwa ado a gefen labari, buri da fushi da dariya nasu na kansu. Shekarun da ta yi tana haddar zancen talabijin domin abinci su ne suka gina ƙwarewar da duniya ta yaba a 2021, kuma duk mai nazarin aikinta da ya tsallake su ya fara daga Minari, ƙarshen labari kawai ya karanta.