Aikin jijiyoyin zuciya: mu kula da ƙwaƙwalwar tsofaffinmu

Zuciya ce ke tura jini ko'ina cikin jiki. Ita ma tana da ƙananan jijiyoyi masu ciyar da ita. Idan kitse ya toshe su, mutum yakan riƙa fama da ciwon ƙirji da gajiya.

Mai noman rani ya san dabara idan hanyar ruwa ta toshe: sai ya haƙa wata, ya kewaye wurin. Haka lokotoro ke yi. Yana ɗauko jijiya daga ƙafa ko daga cikin ƙirji, ya ɗinka ta, jini ya bi sabuwar hanya. Lokotoro René Favaloro, ɗan ƙasar Ajantina, ya yi suna da wannan aiki a Amurka a shekarar 1967. Aikin ya ceci rayuka da yawa. Amma yana da haɗari ga ƙwaƙwalwa, musamman ga tsohon da ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki.

Me ya haɗa zuciya da ƙwaƙwalwa?

Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini, ko na ƴan mintoci ne. Lokacin aiki, sau da yawa ana tsayar da zuciya, wani inji ya karɓi aikinta. Ƙarfin jini na iya sauka. Ɓarɓashin kitse na iya ɓallewa daga babbar jijiya, ya tafi kai, ya toshe hanya. Bayan aiki kuma, zuciyar wasu takan rikice wajen bugawa, jini ya dunƙule.

Cikin mutum 100 da aka yi wa aikin, kamar 1 zuwa 3 ne ke samun shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya taɓa samunta ya fi saura shiga haɗari, domin jijiyoyin kansa sun riga sun raunana. Tsufa, hawan jini da ciwon sukari suna ƙara haɗarin.

Kafin aiki

Mu faɗa wa lokotoro duk tarihin majiyyaci. Ko da bakinsa ya taɓa karkacewa na awa 1 kawai ya koma daidai, mu faɗa. Kada mu ɓoye don tsoron a fasa aikin. Lokotoro zai sa a duba jijiyoyin wuya, masu kai jini ƙwaƙwalwa. Idan shanyewar ba ta daɗe ba, kuma aikin ba na gaggawa ba ne, yana iya ɗaga shi. Mu nuna masa duk magungunan da majiyyaci ke sha, har da na gargajiya.

Bayan aiki

Mai jinya shi ne idon lokotoro. Ga alamu 3 da ba a jira da su:
1. Baki ya karkace.
2. Hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya ta yi nauyi.
3. Magana ta sarƙe, ko ta ɗauke.
Da ganin ɗaya, mu kira ma'aikatan lafiya nan take. Idan muna gida, mu garzaya gidan likita, ko cikin dare ne.

Akwai kuma ruɗewa. Tsoho ya kasa gane ƴaƴansa, ya yi sambatu, ko ya yi shiru fiye da yadda aka san shi. Wannan ba iska ba ce, ba kuma hauka ba ne. Mu sanar da lokotoro, domin zazzaɓi ko wani magani na iya jawo ta. Yawanci takan wuce cikin kwanaki. Mu zauna kusa da shi, mu tuna masa rana da wurin da yake, mu bar shi ya yi barci da dare.

Wasu sukan yi mantuwa na makonni ko watanni. Mu yi haƙuri da su. Mu tabbata suna shan magani kan lokaci, suna rage gishiri, sun bar taba, suna kuma zuwa awon jini ranar da aka sa musu.