Tsohuwar wuƙar aljihu: yadda za ka bambance ta gaske da jabu

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako.

Wataƙila ka gaji wata wuƙa mai ninkewa daga kakanka, kana yanka igiya da ita. To ka sani, a Turai akwai masu tara irin waɗannan tsofaffin wuƙaƙe, suna biyan kuɗi mai kauri. Shi ya sa ake cuta ta fuska biyu: dillali ya karɓe maka ta gaske da araha, ko a sayar maka da sabuwa a ce tsohuwa ce. Maganin duka biyun shi ne ka san tambari, ka kuma san shekarar da kowace alama ta fito.

Mu fara da Okapi, mai ƙotar katako da ɗan zobe a baya wanda ake ja kafin a rufe ta. An fara ƙera ta a garin Solingen na Jamus a 1902, don kasuwannin Afirka. A 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Saboda haka duba gindin ruwan wuƙar. In sunan Afirka ta Kudu ka gani, ba ta kai shekara 40 ba, komai rantsuwar mai sayarwa.

Sai Opinel ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara yi a 1890. Tambarinta hannu ne da kambin sarauta a sama, kuma tun 1909 ake buga shi. Zoben ƙarfen nan da ake murɗawa don kada wuƙa ta rufe maka a yatsa, sai 1955 aka ƙirƙiro shi. Mai zobe dai ba ta girmi wannan shekara ba. In kuma zoben yana kulle wuƙar har tana rufe, to ba ta girmi shekarun 1990 ba. Amma a kula: ƙananan, daga lamba 2 zuwa 5, har gobe ba a sa musu zobe. Rashinsa a kansu ba shaidar tsufa ba ne.

Ta uku ita ce Douk-Douk, ta gidan Cognet a garin Thiers na Faransa, tun 1929. Ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka naɗe, siririya, tana shiga aljihu lafiya lau. Akwai ƙanwarta mai suna El Baraka, wadda aka zana wa alamar nan ta Agadas da maƙeran Buzaye ke yi da azurfa. Har yanzu ana ƙera su, don haka suna kaɗai bai isa ba, sai ka duba jikinta.

Yaya ake duba jiki? Tsufan gaske ba ya zuwa bai ɗaya. Inda babban yatsa ke dannawa ya fi sulɓi, ruwan wuƙar ya sirance saboda wasawa, baƙin ƙarfen ya yi duhu a hankali. Wadda aka binne a ƙasa ko aka jiƙa da ruwan gishiri kuwa, jar tsatsa ce ko'ina, kana gogawa tana bin hannunka. Dubi rubutun ma. Na kamfani a miƙe yake, zurfinsa ɗaya. Na jabu yakan karkace, wani lokaci har da kuskuren harafi. Sannan in ƙota ta tsufa tukuf amma ƙusar da ta riƙe ta tana walƙiya, an yi haɗe-haɗe ke nan.

In ka tabbatar taka ta gaske ce, don Allah kada ka kai ta a goge da injin wasa wuƙa don ta yi ƙyalli. Tambarin ne kuɗinta, in ya goge ta koma wuƙar yanka albasa. Ɗan mai da tsumma sun wadatar. Kada kuma ka sallama wa mai tayin farko. Ɗauki hoton tambarin da waya, ka nuna wa mutum biyu ko uku tukuna.

Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dabbobi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.