Mene ne juya aikatau a Faransanci?

A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, kuma ana koyar da shi a ƙananan sakandare. Ɗaliban da suka saba da Turanci galibi wuri ɗaya suke cijewa: aikatau.

Aikatau kalma ce mai nuna aiki. A Hausa wakilin suna ke ɗaukar nauyin lokaci: na tafi, zan tafi. Turanci kuwa ɗan canji kaɗan yake yi. Faransanci ƙarshen kalmar yake sauyawa gwargwadon mai aikin da lokacin aikin, abin da malamai ke kira conjugaison.

Aikatau a Faransanci rukuni uku ne. Na farko, waɗanda su ne mafi yawa, suna ƙarewa da -er, kamar parler, yin magana: je parle, nous parlons, vous parlez. Abin lura, parle da parles da parlent furucinsu ɗaya, a rubuce kawai suka bambanta, kuma nan ake zubar da maki a jarrabawa. Na biyu su ne irin finir, gamawa. Na uku ba sa bin ƙa'ida, sai hadda.

A ganina être, zama, da avoir, mallaka, ya kamata a fara riƙewa, domin da su ake gina shuɗaɗɗen lokaci: j'ai parlé, na yi magana.

Ɗan kasuwa mai zuwa Maradi ma yana bukatar sanin juya aikatau. Jami'i ko babba vous ake ce masa, kamar yadda muke cewa "ku".