Lissafin Amo: Fiyano da Goge

Kaurin amo ko sirantakarsa ya dogara ne ga yawan karkarwar tsirkiya cikin daƙiƙa guda. A taron Landan na 1939 aka tsayar da amon A kan karkarwa 440. In aka ninka ta zama 880, amon dai shi ne, sai dai ya fi siranta. Fiyano mai lantarki ya raba wannan tazara mataki 12, ana ninka kowane mataki sau 1.0595, watau mai bin 440 shi ne 466. Amma mai goge a Hunkuyi kunne ne ma'auninsa, yatsansa kuwa yakan sauka tsakanin matakan. Saboda haka wanda ya kwaikwayi goge da fiyano bai sake saiti ba, to, ya zubar da amon da ke tsakani.