Gomfirena: Fulawar Da Ba Ta Tsoron Ranar Gaya

Uwargida, sau nawa kika sayo fulawa daga Kano, kika yi ta ɗawainiya da ita, bazara na shigowa ta ƙone? Kada ki fid da rai. Akwai wadda ta dace da zafinmu da ƙasarmu mai yashi ta Gaya da Ajingi, wato gomfirena. Dangin alayyafo ce, asalinta daga Amurka ta Tsakiya. Furenta ƙulu-ƙulu ne kamar maɓalli, akwai shunayya, da ruwan hoda, da fari.

Ki jiƙa irin ya kwana a ruwa, ki shuka shi sama-sama. Yakan tsiro cikin mako 1 zuwa 2. Tsohon bokiti ko fasasshiyar randa ya wadatar: ki haɗa ƙasa kashi 2 da ruɓaɓɓen takin awaki kashi 1. In a lambu ne, ki bar tazarar santimita 30 tsakanin shuka da shuka. Tana son rana ta aƙalla awa 6 kullum. Idan ta kai taƙi guda, ki tsinke kanta don ta yi rassa. Wajen wata 3 za ki ga fure.

Amma fa 'yar'uwa, ba ƙishirwa ke kashe ta ba, yawan ruwa ne. A daminar 2022 na dasa ta a bokitai 4 ban huda gindinsu ba. Ruwan Agusta ya kwanta a ciki, saiwoyin suka ruɓe, ko ɗaya ba ta tsira ba. Don haka ki huda mazubin kafin komai. Kafin ban-ruwa kuma ki tsoma yatsa a ƙasar, in da danshi ki ƙyale ta. Ki kewaye ta da ƙaya, don akuya ba ta san ado ba.

Idan furen ya cika, ki yanko, ki zage ganyen, ki rataye shi kai ƙasa a inuwa na mako 2. Launinsa zai yi watanni yana ƙawata ɗakinki. Wanda ya bushe a jikin shukar kuwa, ki murje shi ki adana irin a takarda. Ki sam wa maƙwabciyarki, don ranar da taki ta mutu ki san inda za ki samo.

Allah ya sa albarka.