Karin kumallo: kwalin butiki ko garin gida?

Ƴan uwa mata, mu yi maganar abin da ake fara sa wa a ciki da safe. A nan Arlit da Akokan ba mu da gona. Gero daga kudu yake zuwa, daga Damagaram da Maraɗi, ya biyo ta Agadas. Taliya da biskit da madarar gari kuma daga Aljeriya ta Assamaka. Kowane da kuɗin mota a kansa. Tun da Cominak ta rufe a watan Maris na 2021 gidaje da yawa ba su da albashin ƙarshen wata, don haka duk dalar da za ta fita sai ta yi aiki.

To, ga kwalayen hatsin karin kumallo nan a butiki, masu hoton yaro ɓulɓul. Ba a ce guba ba ne, wasu ma an ƙara musu sinadarin ƙarfe da bitamin. Amma ki juya bayan kwalin tukuna. Ana jera kayan haɗi ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, saboda haka in kika ga “sucre” a na biyu, sukari kika saya da tsada. Wadda ba ta karatu ta sa ɗan lakkol ya duba mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin babban mutum ya wuce kamar giram 50 a yini, rabin haka ma ya fi. Ki tuna shayin gidanmu kaɗai nawa yake ci.

Geronmu fa? Ba shi da laifi, mu ne muke rage masa ƙarfi. Surfe mai yawa yana tafiya da dusa, kuma a cikinta amfani mai yawa yake. Sannan a tsinka koko ya zama ruwa-ruwa, yaro ya sha cikinsa ya yi tim, kafin hantsi yana kukan yunwa. Cikin yaro ƙarami ne, kunun da zai riƙe shi shi ne mai kauri, wanda ba ya zuba da sauri daga ludayi.

Gero shi kaɗai kuma bai isa gina jiki ba, yana son abokin tafiya. Garin Misola, wanda aka fara yi a Fada N'Gourma ta Burkina Faso a 1982 kuma ake yin sa a nan Nijar, dabararsa ke nan: gero da waken soya da gyaɗa. A gida za ki iya kwatantawa. Kwano uku na gero, kwano ɗaya na waken soya ko wakenmu, rabin kwano na gyaɗa. A soya kowane daban sama-sama, a haɗa a kai inji. Gyaɗar sai an tsince ta da kyau, duk wadda ta yi hunhuna ko ta yi ɗaci a zubar, tana cutar da hanta. In an dama, a sa tsamiya ko garin ƴaƴan kuka ko a matsa lemun Timiya, suna taimaka wa jiki ya karɓi sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa hana shi yake yi, gara a jinkirta shi kamar awa guda, musamman ga mai ciki. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono kawai.

Ga inda asusu ya shigo. Gero ya fi araha da kaka, sai dai mace ɗaya ba ta iya buhu. Ƙungiya tana iyawa. A sayi buhu tare, a soya tare, a biya mai inji sau ɗaya, a raba gwargwadon zubin kowa. Kada dai a niƙa mai yawa lokaci guda, garin da ke da gyaɗa ba ya jure zafin Arlit. Na sati biyu ya isa, a rufe shi a mazubi busasshe, sauran geron ya zauna a buhunsa.