Zazzaɓin SFTS: Cutar Kaska Da Ta Ɓullo Daga China

A shekarar 2009 likitoci a lardunan Henan da Hubei na ƙasar China suka lura da wasu manoma masu zazzaɓi mai zafi, da amai da gudawa. Gwaji ya nuna ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare idan an ji ciwo sun ragu ƙwarai, fararen ƙwayoyin jini ma haka. Bincike ya gano sabuwar ƙwayar bairos ce, aka sa wa cutar suna SFTS. A 2013 Japan da Koriya ta Kudu suka tabbatar da ita a ƙasashensu.

Kaska ce ke yaɗa ta, musamman wani jinsi da ke maƙale wa awaki, shanu da karnuka. Bayan cizo, alamu kan bayyana cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan ta tsananta, jini kan zuba daga dasashi ko hanji, majiyyaci ya ruɗe, hanta da ƙoda su gaza. Tsofaffi ta fi kashewa, kuma abin takaici, su ne ke riƙe da gonaki a ƙauyukan da matasa suka bari.

Ana kuma kamuwa ta taɓa jinin majiyyaci. A Japan har kyanwa marar lafiya ta sa wa mutane cutar.

Riga-kafi babu tukuna. A 2024 Japan ta amince da maganin favipiravir, amma kariyar da ta fi ita ce doguwar riga da wando a daji, da cire kaska da matsefata maimakon murje ta da yatsa.